Kolo Dillali da Kujerar Abiyo

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah Ya hore wa idon gane baƙi da zuciyar auna magana, gaisuwa da fatan alheri su tabbata a gare ka, kai da iyalinka da maƙwabtanka na dama da na hagu. Ni ne Malam Mustafa, tsohon tafintan Kwamanda a Damagaram, wanda ya sauke Alƙur'ani a unguwar Birni kafin ya shiga lakwal, wato makarantar boko, ya fito da takardar shaida mai hatimi biyu, ya zauna a kujerar shari'ar gargajiya shekaru masu yawa ba a taɓa mayar masa da hukunci ba. Ban ambaci waɗannan don yabon kai ba. Na ambace su ne domin ka san bakin da zai ba ka labarin nan ba bakin kasuwa ba ne.

A yau yara suna jin abiyo, wato jirgin sama, ya wuce bisa kansu ba su ko ɗaga ido, suna kuma kallon akwatin radiyo kamar ƙwarya a ɗakin uwarsu. To, ni na ga zamanin da dattawa masu furfura suka zauna suna gardama ko akwatin nan ya cancanci kuɗinsa, na kuma ga mutumin da ya rantse zai yi aikinsa da araha. Saboda haka ka gyara zama, ka ajiye gaggawa a bakin ƙofa tare da takalmanka, domin ni ban iya ba da labari a tsaye ba.

A shekarun da jiragen sama suka fara sabawa da filin Damagaram, akwai wani Nasara mai sayen fata da gyaɗa, sunansa Mushe Gaston, Mushe kuwa Malam ke nan a Faransanci. Mutanen unguwar Zango kuwa Damƙau suke ce masa, domin hannunsa ba ya buɗuwa sai wajen karɓa. Ya sayi wani ɗan tsohon abiyo marar rufi, mai kujera biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, domin ya riƙa riga abokan cinikinsa zuwa kasuwannin gabas. Sai wakilin wani kamfani ya kawo masa akwatin radiyo ya bar masa gwaji. Aikin akwatin shi ne ya yi magana da gidan radiyon soja da ke bariki: su gaya wa matuƙi ta ina yake, ta ina hadari ya taso, shi kuma in ya faɗi a jeji ya gaya musu inda za a neme shi. Amma kuɗinsa ya kai na raƙuma talatin, ban da batir da yake ci kamar doki da hatsi. Nauyinsa kuwa na ƙato ne, kujerar gaba yake cinyewa, jirgin ba ya ɗaukar akwati da mutum tare. Wakilin ya ce ranar Litinin kamiyo, wato babbar motar kaya, zai tashi zuwa Kano: ko a biya, ko a mayar da kaya.

Mushe yana da wani dillali, Kolo, ɗan asalin Barno, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin baki. A faɗarsa ya ja ayari zuwa Bilma sau bakwai, ya taɓa gane rijiya da ƙanshi daga tafiyar yini. A sanin unguwa kuwa iyakacin tafiyarsa Mirriya, shi ma suna ya kai shi. Tun ranar da aka kawo abiyon nan ransa yake kan kujerar gaba.

Wata rana ina zaune a kantin Mushe ina yi masa tafinta, domin Hausarsa ba ta wuce "nawa" da "ya yi tsada" ba, sai Kolo ya shigo ya zagaya akwatin sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa.

Ya ce, "Malam Tafinta, tambaye shi, abin nan ya taɓa zuwa Gure?"

Na tambaya. Mushe ya ce bai taɓa ba.

"Ya san sunan mai garin Gidimuni?"

"Bai sani ba."

"To, baƙo ne! Raƙuma talatin a kan baƙon da zai nuna wa mutum hanya a ƙasar da ba a haife shi ba? Gaya masa ya hana shi kujerar gaba ya sa ni. Nauyinmu ɗaya, ni kuma ba na cin batir, goro kawai. In na kai shi Gure na dawo da shi, kujera tawa ce har abada, a kuma riƙa ce mini Jagaban Sama."

Na fassara kalma da kalma, na kuma ƙara da nawa ra'ayin cewa abin da ake saye don ceton rai ba a auna shi da raƙumi. Amma Mushe ya riga ya ji "ba na cin batir", fuskarsa ta yi haske kamar an biya shi ciniki biyu. Ya tambaya yadda za a yi magana da mutanen ƙasa in wani abu ya faru. Kolo ya yi murmushin wanda aka tambaya abin da ya daɗe da sani, ya ce a bar masa wannan. Aka sa ranar Asabar.

Dabarar Kolo kashi biyu ce. Ta farko, ya aika ta bakin masu zuwa cin kasuwa cewa duk garin da ke bisa hanyar Gure, in ya tayar da hayaƙi ranar Asabar da hantsi, yana da kantun gishiri ɗaya. Ya kuma umarci maƙwabcinsa Nomau, mai gadin filin jirgi, ya hura wutar da ta fi ta kowa, domin a gane gida. Ta biyu, ya shiga gida ya kama tantabarun matarsa Falmata guda uku ya zuba a akurki.

Falmata ta ce, "Malam, ina za ka da tantabaruna?"

"Sama. Ki saurara da kyau. In fara ta dawo, mun sauka lafiya, ki ɗora tukunya. In baƙa ta dawo, mun faɗi, ki yi haƙuri da hukuncin Allah."

"To, wake-waken fa?"

"Ita rakiya ce."

Nomau yana jingine da katanga yana jin su. Ya ce, "Baba Kolo, kai da ka ɓace tsakanin mahauta da masallacin Juma'a ranar Sallah, kai ne za ka ja hanya a sama?"

"Ban ɓace ba, Nomau. Unguwar ce aka sake wa tsari ba a sanar da ni ba."

"A sama ba wanda za ka tambaya."

"Mai baki ba ya ɓata. Kai dai hura wutarka, kada ka yi mini rowar kara."

Ranar Asabar rabin Zango ya fito fili. Kolo ya zo da babbar riga biyu, rawani mai tsawon igiyar guga, layu tun daga damtse har gwiwar hannu, akurki a hammata, da takobi a kafaɗa, domin a cewarsa jagaba ba ya tafiya hannu sake. Ya hau kujerar gaba, ya rataye takobin kusa da agogon alƙiblar jirgin. Nan take allurar ta daina kallon arewa ta koma kallon takobin Kolo, ba kuwa wanda ya lura. Ya ɗaga hannu ga jama'a ya ce, "Wanda yake da saƙo zuwa Gure ya faɗa yanzu!" Wata tsohuwa ta ce ya gaida mata jikanta. Aka murza itacen da ke hancin jirgin, ya yi tari, ya yi gurnani, ya ruga, ya tashi.

Abin da ya faru a sama, daga bakinsu su biyu na ji shi a gaban shari'a, na tace na zubar da tsakuwa, ga tsabar.

Ba su wuce duwatsun Birni ba iska ta kama bakin rawanin Kolo. Ya fara warwarewa, ya mari Mushe a fuska, ya naɗe masa wuya. Mushe ya saki taswirar da ke cinyarsa don ya ceci maƙogwaronsa, taswira ta tafi, rawani ya bi ta. Mutanen kasuwa suka ga farin abu yana saukowa a hankali, ya sauka bisa rumfar wani mai tsire, wanda har ya mutu yana cewa kyauta ce daga sama, bai mayar ba.

Kolo kuwa tun da ƙafar jirgin ta rabu da ƙasa idonsa yake rufe, yana karanta duk abin da ya tuna. Mushe ya buge shi a ƙeya ya yi masa ihu, "Gure? Ina?" Kolo ya buɗe ido ɗaya ya leƙa. Ya ga abin da bai taɓa zato ba: daga sama ba kuka, ba gawo, ba tsamiya, duk ɗigo ne. Garuruwa kamar an watsa kashin awaki a faifai. Tsamiyar Mirriya da yake ji da saninta, ya nemi gindinta ya rasa, domin ba wanda ya taɓa gaya masa itace yana da ƙeya.

Ya ce a ransa ba komai, ai akwai hayaƙi. Ya duba gabas, hayaƙi. Ya duba kudu, hayaƙi. Arewa, hayaƙi. Ka sani, ya mai karatu, maganar gishiri ba ta tafiya a hanya ɗaya. Ta shiga kasuwa ta fita ta ƙofa huɗu. Kowane mai gari ya tara mutanensa ya ce, "Wa ya ce garinmu ba bisa hanyar Gure yake ba? Duk wanda ya so, ta nan zai bi." Mutanen Zermu suka hura, ƙauyukan bayan tafkin Gidimuni suka hura, har da rugar da ba ta da bukka biyar. Ga shi kuma lokacin sharar gona ne, gab da damina, kowane manomi yana ƙona tattakar karansa ba don gishirin kowa ba. Ƙasar Damagaram duk ta zama kamar murhun gidan biki.

Mushe ya sake ihu, "Wanne?"

Kolo ya nuna wanda ya fi kusa. Da suka isa ya nuna na gaba da shi. Haka suka riƙa bin hayaƙi kamar akuya a gonar wake, har rana da take gabansu ta koma kunnensu na dama, ta sake komawa na hagu.

Da abin ya ishe shi, Kolo ya yi wa Mushe alama ya sauko ƙasa-ƙasa, zai yi tambaya. Suka hango wani manomi a tsakiyar gona. To, Kolo duk da wautarsa mutum ne mai tarbiyya, ba zai tambayi dattijo hanya bai gaishe shi ba. Ya leƙo ya ɗaga murya: "Salamu alaikum! Barka da aiki! Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya zafi?" Kafin ya kai ga "don Allah ina hanyar Gure", sun wuce gonar da gari biyu. Ya ce a koma. Suka komo, manomin ya riga ya jefar da fartanya ya shige cikin rumbu. Kolo ya juyo ya gaya wa Mushe da hannu cewa mutanen yankin nan ba su da ladabi.

Wajen juyowar nan ne gwiwarsa ta danne akurki, murfi ya ɓalle. Tantabaru uku suka fito a firgice. Ɗaya ta bugi tabaran Mushe, ɗaya ta bar masa shaida a hula, suka kama iska suka nufi gida, domin su dai sun san hanya.

Yanzu mu sauko ƙasa. Falmata tana tsakar gida tana tankaɗe, sai ga baƙar tantabara ta dira bisa katanga. Ta saki rariya ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu. Kafin ka ce me, gida ya cika. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya zo, mai unguwa ya ɗaura rawani ya tafi buro, wato ofishin hukuma, ya shaida wa Kwamanda, ta bakina, cewa Kolo da Mushe sun riga mu gidan gaskiya. Kwamanda ya tashi tsaye ya tambayi gidan radiyo ko an ji wani abu. Sojan da ke wurin ya ce ta ina za a ji, alhali akwatin yana kantin Mushe an ɗora masa buhun gyaɗa? Aka rasa ta inda za a tura masu nema, gabas ko kudu.

A ƙofar gida kuwa an fara yabon mamaci. Nomau, wanda ya bar wutarsa ta mutu ya zo makoki, yana share ido yana cewa, "Allah Ya jiƙan Baba Kolo. Ƙarya dai yana yi, amma ba ya yin ta mugunta." Ana cikin haka sai fara ta sauko. Wata maƙwabciya ta gan ta, ta rangaɗa guɗa. Falmata ta share hawaye ta ɗora tukunya. Masu makoki suka fara naɗe tabarmi, sai ga wake-wake ta dira tsakanin 'yan uwanta tana gyaran fiffike.

Nan gardama ta kaure. Wani ya ce ma'anarta ɗaya ya mutu ɗaya ya rayu. Wani ya ce a'a, sun faɗi amma da sauran numfashi. Falmata ta ce ita dai an ce mata rakiya ce. Liman ya ce a bar tabarmi a shimfiɗe, a kuma bar tukunya a wuta, duk wanda ya tabbata ba a yi asara ba.

A sama isansi, wato man jirgi, ya kusa ƙarewa, injin ya fara shaƙuwa. Kolo ya hango wani hayaƙi baƙi ƙirin, mai kauri kamar gindin kuka, ya fi duk na sauran. Ya buga ƙirji ya yi ihu, "Nomau ke nan! Gida! Ban gaya maka ba?" Mushe ba shi da zaɓi, ya sunkuyar da hancin jirgi.

Ba Nomau ba ne. Duk wanda ya san Mirriya ya san kasuwarta Lahadi take ci, ya kuma san ranar Asabar matan garin suke gasa tukwanensu a fili bayan gari. Sun jera waɗanda suka huce sahu-sahu: randuna, tuluna, kasake, tukwanen miya, aikin wata guda. Abiyo ya ratso hayaƙi ya dira a kan sahun farko. Mata suka watse suna salati. Ya bi ta kan tuluna yana taka su kamar ƙwai, ya ture randuna, ya yi tsalle, ya je ya kafa hanci a tudun toka, wutsiya a sama. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni.

Kolo ya sulmiyo daga kujera, fari fat da toka, wuyan tulu a ƙafarsa ɗaya kamar munduwa. Ya dubi jama'a, ya gyara riga, ya ce, "Sannunku mutanen Gure. Wata tsohuwa ta ce a gaida jikanta."

Shugabar maginan, Iya Kulu, tsohuwa ce gajeriya wadda muryarta ta fi ta tsawo. Ta matso da guntun kasko a hannu ta leƙa fuskarsa.

"Gure? Kai, ba kai ne Kolo mijin Falmata ba, wanda ya zo suna bara ya cinye mana kan rago?"

"Iya, kama ce. Mutane da yawa suna cewa..."

"Kama ta ci gidanku! Ku taho ku ga wanda ya yi mana alkawarin gishiri ya kawo mana asara! Da ƙafa aka san ka kana ɓarna, yau ka samo fiffike?"

"Iya, a yi magana a hankali, akwai Nasara a nan."

"Shi ma ya sauko! Randata da na yi kwana da kwanaki ina gini, ita ce filin saukarku?"

Mushe ya sauko yana maganganu da Faransanci waɗanda ko da ina wurin ba zan fassara su ba. Mata suka kewaye Kolo da muciya da guntayen tulu, suka ɗora shi a kan jakin ɗaukar yumɓu, suka kamo hanyar Damagaram da shi. Mushe ya biyo su a kan dokin aro. A hanya masu gari suka riƙa shiga ayarin ɗaya bayan ɗaya, kowa yana tambayar ina gishirinsa. Wannan ne ayari na farko da Kolo ya taɓa shiga gabansa, shi ma jaki ne ya san hanya.

Da la'asar suka shigo Zango. Masu makoki suna zaune, sai ga mamaci a kan jaki, fari kamar an tono shi. Rabinsu suka zuba da gudu suka bar takalma. Nomau ya tsaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Baba Kolo, na yabe ka ɗazu a gaban mutane. Na janye."

Falmata ta fito da ludayi a hannu ta ce, "Malam, wacce daga cikin ukun zan gaskata?"

Kolo ya ce, "Duk gaskiya suka faɗa. Mun faɗi, mun kuma sauka lafiya, ga rakiya a bayana."

Washegari Kwamanda ya miƙa mini shari'ar, ya ce shi kansa yana ciwo. Zauren bai ɗauki jama'a ba, sai a gindin itacen bedi aka zauna. Mushe ya fara magana. Ya ce gyaran hancin jirgi kaɗai zai ci masa raƙuma goma, ya kuma kwana yana tunanin da a jejin Gure suka faɗi ba a Mirriya ba, da tantabara ce kaɗai za ta san kabarinsa. Ya ce tun da sassafe ya aika wa wakilin kamfani kuɗinsa cif, ya sa an sauke buhun gyaɗa daga kan akwatin an goge shi da ƙyalle.

Na juya ga Kolo na ce yana da abin cewa?

Ya miƙe ya ce, "Allah Ya ba Malam nasara. Na yi alkawarin kai shi in dawo da shi. Dawowar dai ga shi, kowa ya gani. Kaiwar ce ta rage. A ba ni kujerar nan sau ɗaya tak, yanzu na gane yadda itatuwa suke ta sama."

Iya Kulu ta ce, "A ba shi, amma a bari mu kwashe tukwane daga ƙasar Damagaram tukuna."

Na sa gardi, wato dogarin hukuma, ya tsawatar. Na ce kujerar gaba ta akwati ce daga yau, domin shi ba ya gaisuwa kafin ya faɗi hanya, ba ya kuma ɗaura rawani. Na ce Mushe zai biya rabin tukwanen, tun da da idonsa a buɗe ya musanya raƙuma talatin da goro. Sa'an nan na gyara tabarau, na dubi Kolo, na yanke masa tara kamar haka: zai ba kowane mai gari da ya tayar da hayaƙi kantunsa na gishiri, na kan hanya da na bayan hanya, domin baki shi ya yanka wuya; zai yi wa matan Mirriya ɗaukar yumɓu da kansa, a ƙasa, har ruwan farko ya sauka; zai yanka rago ɗaya ga maƙwabtan da suka ɓata hawayensu a banza; zai kuma biya hukuma kuɗi tamma hamsin, ashirin da biyar saboda ya mutu ba da izini ba, ashirin da biyar saboda ya dawo bai sanar ba.